Kwalin Guluta Da Ya Haɗa Ni Gardama Da Baba

Yau magana ce ta cikin gida zan kawo muku, amma na san ta shafi duk wani Bahaushe da ke harkar kayan shafa a nan Kurmi, musamman mu da ke Ikko muna sarin kaya muna turawa gida.

Mahaifina ya fi shekara talatin a Legas, ni kuma a Agege aka haife ni. Sana'arsa turare, man shafawa, sabulu, lalle da sauran tarkacen da mata ke so. Wani kayan mu sayar a shago, wani mu loda a mota zuwa Kano da Gusau da Sakkwato, inda muke da masu karɓa. Tun da na gama sakandare ni ke riƙe masa littafin lissafi da waya, don shi har gobe bai yarda da cinikin da ba a ga fuskar juna ba.

To kwanakin baya wani dila da muka daɗe muna hulɗa da shi ya shigo mana da sabon kaya. Ya buɗe kwali ya baje a kan teburi: ga ƙwayoyi na haɗiya, ga gari da ake damawa a sha kamar lemo, ga sabulu, sannan ga wasu 'yan ƙananan kwalabe na allura, kowacce da kwalbar ruwan da ake narka ta. Duk jikinsu an rubuta Glutathione, an liƙa hoton wata mace fara sol kamar ba a taɓa fita da ita rana ba. Mu a kasuwa guluta ake ce masa. Dilan ya ce, “Alhaji, wannan shi ne kasuwa yanzu, kuma mutanenka na Arewa sun fi kowa nema. Ka ɗauka, in ka sayar ka biya ni.” Da na buga lissafi, ribar kwali ɗaya na allurar ta fi ta kwali uku na turare. Wallahi ni kaina sai da raina ya biya.

Na roƙi Baba ya ba ni mako ɗaya kafin ya amsa. Ya ce, “Kai ka cika tsirfa,” amma ya bari. Ni ba likita ba ne, iyakata sakandare, sai dai ina da waya da ƙamus, kuma akwai wani mai ilimin haɗa magunguna da muke sallah masallaci ɗaya, wanda na dame shi da tambayoyi har ya fara guduna. Abin da na gano shi ne zan faɗa muku, sannan in faɗi ra'ayina, wanda ya ga ba haka ba ne sai ya gyara mini.

Da farko bari in yi wa abin adalci, don na ji wasu masu wa'azi da masu faɗakarwa suna cewa guba ce. Ba guba ba ce. Gulutatayon wani sinadari ne da jikin kowa ke ƙerawa da kansa, yanzu haka da kake karanta wannan rubutun jikinka yana kan yin sa. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jiki tana da shi, amma hanta ta fi kowa yawansa. Jiki yana haɗa shi ne daga wasu ƙananan sinadarai guda uku da yake samu daga abinci mai gina jiki, kamar nama, kifi, ƙwai da wake. Ba sabon abu ba ne kuma. Tun 1888 wani Bafaranshe ya fara gano shi a cikin yis, sannan a 1921 wani masanin Ingila mai suna Frederick Gowland Hopkins ya ware shi ya raɗa masa wannan suna.

Aikinsa fa? Ka taɓa yanka dankalin Turawa ko tuffa ka bar shi a fili, ka dawo ka tarar ya yi duhu? Ko ka ga yadda ƙarfen rumfa ke tsatsa a damunan Legas? Irin wannan lalacewar tana faruwa a cikin jiki ma, domin ƙona abinci da jiki ke yi don samun ƙarfi yana fitar da wasu ɓarɓashi masu cin ƙwayoyin halitta. Hayaƙin taba da giya da gurɓatacciyar iska suna ƙara su. Gulutatayon yana cikin manyan masu tare wannan tsatsar, shi ya sa ake kiransa antioksidan. Aikinsa na biyu kuma, hanta tana amfani da shi ta ɗaure wasu dafi ta mayar da su abin da zai iya fita ta fitsari ko bayan gida.

Wannan aiki na biyu shi ya fi ba ni mamaki, don ya taɓa abin da muke yi kullum ba mu sani ba. Farasitamol ɗin nan da muke sha kamar gyaɗa, in ya shiga hanta wani ɗan kaso nasa yana juyewa ya zama dafi. Gulutatayon ne ke kama dafin ya kashe ƙarfinsa. In mutum ya sha daidai, babu matsala. In ya zarce, sai gulutatayon ɗin hanta ya ƙare, dafin ya shiga cin hantar kanta, kuma mutum na iya mutuwa cikin kwanaki. Iyakar babban mutum mai lafiya a rana giram 4 ne, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Ku dubi 'yan uwanmu masu dako a kasuwa, mutum ya sha biyu da safe, ya sha maganin mura wanda shi ma da farasitamol a ciki, da yamma ya karɓi haɗin ciwon jiki wajen mai tallar magani a faranti, bai san me ke ciki ba. Wannan shi ne wurin da ya kamata mu damu da gulutatayon ɗinmu, amma ba wanda ke maganarsa, don babu riba a ciki.

Ga kuma abin lura. In aka kai wanda farasitamol ya yi wa yawa asibiti, ba gulutatayon likitoci ke ba shi ba. Wani magani ne mai suna asetilsistin, wanda yake ba hanta kayan aikin da za ta ƙera nata da kanta, kuma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko. Wato ko a lokacin da rai ke hannun Allah, likita ya fi yarda ya ba jiki kayan haɗi da ya zuba masa gamammen abu daga waje.

Dalilin haka shi ya kai ni kan ƙwayoyin da dila ya kawo. In ka haɗiye gulutatayon, hanji yana ɗaukarsa kamar kowane abinci, ya farfasa mafi yawansa kafin ya kai jini. A 1992 wasu masu bincike a Suwizalan sun ba mutum bakwai masu lafiya giram 3 a lokaci guda, suka auna jininsu, ba su ga wani ƙarin kirki ba. Daga baya, a 2015, an buga wani bincike daga Amurka inda mutum 54 suka shiga gwaji na wata shida. Waɗanda suka sha miligiram 1000 kullum an ga ya ƙaru a jininsu da kusan kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. To amma wata ɗaya da daina sha sai ya koma yadda yake, kuma kamfanin da ke yin maganin ne ya ɗauki nauyin binciken. Bayan haka, ƙaruwar abu a jini daban, warkar da ciwo daban. A jikin kwalin da aka kawo mana an jera cewa yana wanke hanta, yana hana tsufa, yana ƙara garkuwar jiki, har da gyaran aure. Mutumin da ke cin abinci yana barci, bai sha taba bai sha giya, jikinsa na yin abin da ya ishe shi. Albasa da tafarnuwa da kabeji da ƙwai da ke gabansa a Mile 12 sun fi masa arha.

Amma mu daina yaudarar juna, babu wata mace da ke sayen guluta don hantarta. Don fari ake saye. Kowa ya sani, dila ya sani, Baba ya sani, ni ma na sani.

Shin yana sa farin? Akwai ƙamshin gaskiya, kuma da shi ake cin kasuwar. Launin fatarmu yana zuwa ne daga wani sinadari da ake kira melanin, kuma a ɗakin gwaji an ga gulutatayon yana rage aikin abin da ke ƙera shi, yana kuma karkata shi daga baƙin nau'i zuwa mai ja-ja. A ƙasar Tailan an gwada a kan ɗaliban likitanci 60, rabi suna shan miligiram 500 kullum har mako huɗu, rabi suna shan ƙwayar da babu komai a ciki. Aka auna fatarsu da na'ura a wuri shida. A wuri biyu kaɗai aka samu bambancin da za a iya dogara da shi. An buga wannan a 2012. Ku lura, na'ura ce ta gani, kuma mako huɗu ne kawai aka bi su. Tsakanin wannan da hoton matar da ke jikin kwali akwai tafiyar Legas zuwa Maiduguri.

Shi ya sa ni a ganina, duk man shafawa ko sabulun da aka rubuta wa guluta, kuma ya mayar da baƙar mace fara cikin mako biyu, to a binciki abin da ke cikinsa, don gulutatayon bai da wannan ƙarfin. Abubuwan da aka sani suna wannan aikin da sauri su ne haidurokwinon, da sitiroid, da zaiba. Duk mai shagon kayan shafa ya san ƙarshensu, don suna dawowa shagonmu neman abin da zai rufe ɓarnar: fuska ta yi ja kamar an ƙona, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kore a fili, nankarwa a hannu da cinya, rauni ya ƙi warkewa. Zaiba kuwa ƙoda take ci. Sunan guluta ya zama riga mai tsabta da ake sa wa tsohon bilicin, don mace ta ce ai ni ba bilicin nake ba, sinadarin gyaran jiki nake sha.

Yanzu ga inda na tsaya na ce a'a, wato allurar.

Da yake an san hanji na farfasa shi, sai aka koma zuba shi kai tsaye a jijiya, ko da sirinji ko a cikin ledar ƙarin ruwa. A wasu ƙasashe likitoci na amfani da allurar, amma ga masu ciwon daji da ake ba wani magani mai ƙarfi da ake kira sisfilatin, don a rage masa illar da yake yi wa jijiyoyi. Wannan a asibiti ne, da awo, da likita a tsaye. A ƙasar Filifins, inda wannan yayi ya yi ƙarfi tun kafin ya iso mu, hukumar kula da magunguna ta fitar da gargaɗi a 2011, ta sake a 2019, cewa ba ta amince a yi allurar don hasken fata ba. Cikin illolin da ta lissafa akwai taɓuwar ƙoda, da rikicewar maƙoshin da ke daidaita aikin jiki, da ciwon ciki mai tsanani, da wani mugun ciwo da fata ke saɓulewa kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa, har cikin baki da ido, wanda yana kisa. Hukumar Amurka ma ta ce a 2015 babu wata allurar hasken fata da ta amince da ita. A 2019 kuma ta ba da labarin mutum bakwai a wani asibitin shan magani da aka yi wa allurar gulutatayon, nan take suka kama amai da jiri da rawar sanyi, ɗaya numfashinsa ya sarƙe jininsa ya faɗi sai da aka kwantar da shi. Da aka bincika sai aka tarar garin da aka haɗa allurar da shi yana ɗauke da dafin ƙwayoyin cuta. A Amurka ke nan fa, ba a bayan shagon kitso ba.

Akwai wani gwaji da aka yi a Pakistan aka buga a 2016, mata 25 aka yi wa allurar sau biyu a mako har mako shida. Takwas daga cikinsu gwajin hantarsu ya nuna matsala, ɗaya kuma jikinta ya yi mummunar ƙin maganin irin wanda ke iya kashewa nan take. Waɗanda suka ɗan yi hasken kuwa, bayan wata shida kusan dukkansu sun koma launinsu. Wato maganin da ake tallarsa da sunan wanke hanta, shi ne ya taɓa hantar.

To ku ɗora wannan a kan yadda ake yi a wajenmu. Wa ke yin allurar? Mai gyaran amare ce a cikin ɗakinta, ko wani yaron kemis, ko ƙawa da ta taɓa zama kusa da ma'aikaciyar jinya. Kwalbar ta kwana nawa a cikin mota a zafin hanyar Lakwaja? Wa ya auna abin da ke ciki? Rubutun jikin wasu ma ba da harshen da muke iya karantawa ba ne, kuma na juya kwalin da aka kawo mana gaba da baya ban ga lambar NAFDAC ba. In numfashin yarinya ya sarƙe a ɗakin gyaran jiki, me mai gyaran ke da shi na ceto, ban da salati? Ba a ma zo maganar allurar da aka yi wa wata aka sake yi wa wata ba, da ciwon hanta da ƙanjamau da ke bin wannan hanyar. Abin ya kai a 2018 hukumar magunguna ta Ghana sai da ta fito ta gargaɗi masu juna biyu da ke shan ƙwayar don a haifi jariri fari. Jaririn da bai zo duniya ba an riga an raina launin da Allah Ya ba shi.

Da mako ya cika na zauna na zayyana wa Baba duk wannan bayan sallar isha'i. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, “To na ji. Amma ni ɗan kasuwa ne, ba likita ba. Ban ce kowa ya saya ba. In ban kawo ba, na kusa da ni zai kawo, kuma matan nan sai sun saya. Kai da ka yi boko ka faɗa mini, da me za mu biya kuɗin shago bana?” Kuma ba zan ɓoye muku ba, maganarsa tana da nauyi. Kasuwa ta yi tsanani, kuɗin mota ya ninka, masu karɓar kayanmu a gida su da kansu suke bugo waya suna tambayar guluta. Mai shagon da ya ce babu, gobe ba za a tambaye shi turaren ma ba.

Sai dai ban yarda cewa mu 'yan kallo ne ba. Kun san alƙaluman nan da ake ta yawo da su, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa man bilicin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata a 2011? Asalinsu wani bincike ne da aka buga a 2002, da aka yi a kan 'yan kasuwa 450 a nan Legas, maza da mata. Wato a cikinmu aka ƙirga. Ba duk matan ƙasa aka tambaya ba, don haka a daina cewa duk huɗu uku suna yi, amma ya nuna inda abin ya yi sheƙa. Kayan nan ta tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama suke shigowa, ba su da ƙafar da za su kai kansu Gusau. Mu ne ƙafar. Matar da ke ƙauye ba ta san dilan ba, Alhaji ta sani, wanda ta yarda ba zai aiko mata da abin da zai cuce ta ba. Da wannan yardar muke ci, kuma ita dilan yake so ya ara. A 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya, amma hukuma ba za ta iya tsayawa a kan kowane kwali da ake lodawa a mota da daddare ba. Mai lodawar ne ya san abin da ya sa a ciki.

Kuma mu samari kada mu zame, don muna da kaso babba. Mu ne masu cewa fara ko mayya ce. Mu ne in an nuna mana hoton yarinya tambayar farko ita ce, fara ce? Uwar ango ta je ganin amarya ta dawo tana cewa ai ba laifi sai dai baƙa ce. Yarinya tana ji tun tana ƙarama. Daga baya mu ɗin dai mu zauna a majalisa muna yi wa mai baƙin yatsu dariya. Ban ga hujjar da za mu zagi wadda ta sayi abin da mu muka sa ta nema, kuma mu muka sayar mata ba.

Abin da ya kawo ƙarshen gardamar ba ilimina ba ne. Ƙanwata za a yi wa aure bayan sallah, kuma an riga an fara maganar wadda za ta yi mata gyaran jiki. Sai na ce, “Baba, in mai gyaran ta ce za ta ɗaura mata wannan ruwan, daga cikin kwalin nan da muka sayar, ka yarda?” Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce in tashi in rufe shago.

Washegari ya kira dilan ya ce ya zo ya kwashe allurar da man shafawar. Ƙwayoyin haɗiyar kuwa mun rabu a kansu. Shi yana ganin tunda ban iya nuna masa cewa suna kisa ba, wanda ke da lambar hukuma zai iya ajiye kaɗan. Ni kuma na ce ko ba su cutar ba, sayar wa mace abin da ka san ba zai yi mata abin da ke jikin kwali ba, algus ne. Har yau ba mu daidaita a nan ba, kuma shagonsa ne ba nawa ba.

Dilan bai ko yi fushi ba. Ya ɗauki kayansa ya tsallaka layi na gaba, kafin la'asar an karɓe. Hajiyar da ta fi kowa karɓar kayanmu a Kano ta bugo sau biyu tana tambaya, na ce mata ba ma kawo allurar, na fara yi mata bayanin hanta da ƙoda, ta ce, “Yaro, ba ni Alhaji.” Wannan watan ba ta aiko da odar turare ba. Baba ya duba littafi jiya ya ga gurbin, ya dube ni, ya rufe littafin ya ce in je in sayo mana shayi.